Shirya wasan Othello a jami'a: matakan da muka bi, da inda ake danne muryar Desdemona

Tsakanin 2016 da 2020 wasan Othello na William Shakespeare ne WAEC ta sa wa ɗaliban adabin Ingilishi na sakandare. A wannan tsakanin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sashenmu ta shirya shi don makarantun da ke kewaye da jami'a su zo su gani da idonsu, kuma ni aka ɗora wa ba da umarni. Har yanzu ana tambayata ta ina ake farawa, shi ya sa na jero matakan yadda muka bi su. Zan fi tsayawa a kan Desdemona, matar Othello, janar baƙar fata na sojojin birnin Venis, domin a kowane mataki ita ake fara rage wa magana. In ba a tsaya tsayin daka ba, sai a fito da yarinya mai kuka kawai, alhali abin da ke rubuce mace ce da ta zaɓi mijinta da kanta, ta kuma kare zaɓin a gaban majalisar ƙasarta.

Kafin a rubuta wa kowa takarda, a zauna a tantance rubutun da za a yi aiki da shi. Wasan ya iso gare mu ta bugu biyu, ƙaramin bugu na 1622 da babban kundin wasannin marubucin na 1623. Na 1623 yana da layuka kusan 160 da babu su a na farko, kuma cikinsu akwai waƙar da Desdemona ke rerawa daren da za a kashe ta, da jawabin Emilia, mai yi mata hidima, cewa mata ma suna gani, suna jin ƙamshi, suna da sha'awa da rauni kamar mazajensu. Yawancin bugun zamani suna haɗa biyun, amma kada a dogara da littattafan taƙaitawa da ake sayarwa don jarrabawa. Duk kwafin da aka kawo muku, ku buɗe kashi na 4 fitowa ta 3. In babu waƙar da jawabin, ku ajiye shi. Mun ɗauko namu daga shafin ɗakin karatu na Folger a intanet, kyauta ne. Ba a biyan kowa haƙƙin mallaka a kan maganganun wasan, amma gabatarwa da sharhin da ke cikin bugun zamani na masu bugawa ne, don haka zallar wasan muka buga, a fuska ɗaya ta takarda, da fili mai faɗi a gefe don rubuta motsi. Masu suna a wasan mutum 11 ne, ban da shugaban Venis da wawan fada, mata uku kacal: Desdemona, Emilia da Bianca.

Ofis na farko na shugaban sashe ne. Abubuwa biyar aka nema: takardar neman izini, taƙaitaccen labari a shafi ɗaya, sunayen 'yan wasa da lambobin rajistarsu, kasafin kuɗi, da cikakken rubutun. Ku yi kwafi biyu na kowanne, ku sa sakatare ya buga muku hatimin karɓa a naku, domin duk ofishin da za ku shiga nan gaba wannan hatimin zai fara nema. Shugaban sashe bai yanke hukunci da kansa ba, sai ya miƙa wa kwamitin malamai. Jiran nan ya ɗauki makonni, kuma shi ne lokacin da ya fi tayar da hankali, don ba ka da ikon kiran gwaji, ɗalibai kuma suna ta tambaya. Da rubutun ya dawo, jan biro ya bi ta kan wurare iri uku: sumbar da ke tsakanin ma'auratan a kashi na 2 da na 5, zagin batsa da Iago, mijin Emilia kuma mai ƙulla makircin wasan, ke yi a ƙofar Brabantio, mahaifin Desdemona, a fitowar farko, da kiran Desdemona karuwa da Othello ke yi a kashi na 4. Marin da ya yi mata a gaban baƙi da danne ta da matashi har ta mutu, babu wanda ya ɗiga musu biro. Wannan ya sosa min rai ƙwarai, kuma shi na kai gaban shugaban kwamitin. Na ce, "Ranka ya daɗe, in muka cire duk alamar ƙauna muka bar mari da kisa, yaran da za su zo ba za su ga aure ba, za su ga duka ne kawai, kuma ba za su san abin da aka rasa ba." Farfesa ya saurara, aka yi maslaha. Ba sumba, ba runguma, amma an yarda Othello ya riƙe gefen mayafinta ya kai goshinsa lokacin da suka haɗu a tsibirin Saifurus, inda aka tura shi yaƙi, ya kuma sumbaci zanen gado a fitowar ƙarshe. Daga zagin Iago mun sadaukar da mafi muni, muka riƙe wanda yake kwatanta Othello da baƙin rago a kan farar tunkiya, domin in babu shi ɗalibi ba zai gane me ya sa Brabantio ya rantse cewa asiri aka yi wa 'yarsa ba. Zargin karuwanci ma ya tsaya, tunda shi ne tuhumar da take musantawa har numfashinta na ƙarshe.

Sauran ofisoshin ba su da wuya, sai dai a bi su a jere. Da takardar sashe aka je ofishin harkokin ɗalibai, da amincewarsu aka je wurin mai kula da ɗakin taro ya duba ranar da babu kowa, sannan aka biya a kawo rasit, daga nan sai ofishin tsaro, waɗanda suka nemi sunayen makarantun da aka gayyata da adadin motocinsu. Wanda ya tsallake ɗaya za a dawo da shi baya. Ku nemi rana biyu a ɗakin, ta gwajin ƙarshe da ta wasa, a takarda ɗaya. Man janareta da buga rubutu sun cinye fiye da rabin abin da muka tara. Ragowar ya tafi ga yadi da tela, kafinta, da ruwan sha na 'yan wasa. Tunda 'yan sakandare ne masu kallo, da rana aka yi: a fara bayan Azahar, a yi hutu don La'asar, a tashi kafin Magariba. Wasan kuwa dare ne ya fi yawa a cikinsa, saboda haka sai an sayi baƙin yadi an rufe tagogi, in ba haka ba kyandir ɗin fitowar ƙarshe ba zai yi wani tasiri ba.

Wannan lokaci da aka ba mu shi ya tilasta yanka. Cikakken wasan ya haura layi 3,000, yana kuma cin fiye da awa uku, mu kuwa awa biyu da 'yan mintuna muke da su. Nan ne haɗari mafi girma. Iago yana da layi fiye da 1,000, na Desdemona bai kai rabin na Othello ba, kuma a fitowa 9 take bayyana cikin 15. Duk da haka hannun mai yanka gare ta yake fara zuwa, saboda makircin Iago ne ke tura labari, nata maganganun kuma sai su yi kamar ƙari. Ƙa'idar da muka kafa ita ce a yanke daga inda yake da yawa. Mun cire wawan fada gaba ɗaya tare da makaɗansa, mun cire shelar sanƙira, mun rage lissafin jiragen Turkawa a majalisa, mun taƙaita shan giya da tattaunawar Iago da Roderigo, saurayin da ke son Desdemona. Daga Desdemona ba mu taɓa komai ba sai 'yan layuka a hirarta da Iago a bakin teku, kuma ita ma ba mu share ta ba, don a nan ne kaɗai ake ganin tana iya mayar wa namiji magana cikin raha, tana kuma faɗa wa kanta cewa rahar rufin damuwa ce kan jirgin mijinta da bai iso ba.

A ranar tantance 'yan wasa aka kawo shawarwari biyu da ya kamata ku shirya musu amsa. Ta farko, a ba wa namiji matsayin Desdemona don a huta da maganar taɓa jiki. Gaskiya ne a zamanin Shakespeare samari ke fitowa a matsayin mata, kuma sai a Disamba 1660 mace ta fara hawa dandamalin ƙwararru a Landan, a matsayin Desdemona ɗin nan. Amma a ɗakin taronmu namiji cikin zane dariya yake jawowa, kuma dariyar ba za ta tsaya ba har gadon mutuwa. Ta biyu, a nemo yarinyar da ta fi kowa hasken fata, a ƙara mata hoda. Mu da muka tashi muna jin "farar mace alkyabbar mata" mun san abin da wannan zaɓi zai faɗa wa 'yan matan da ke zaune suna kallo, kuma ba shi ne maganar wasan ba. Mun zaɓi wadda muryarta ke kaiwa kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba, wadda kuma take iya tsayawa ta kalli dattijo a ido cikin ladabi. Bayan zaɓe, kafin gwaji na farko, a sami yardar gida a rubuce. Ni da wata malama muka je wurin mahaifinta da rubutun a hannu, muka nuna masa fitowar gado da yadda za a yi ta. Na ce, "Baba, babu inda hannun namiji zai taɓa ta, kuma kujerarka na nan a gaba ranar wasa." Kada a ɓoye wa iyaye fitowar ƙarshe, in suka ji ta daga bakin wani a makon wasa, an rasa 'yar wasa.

Sai babbar tambaya: kowa a dandamalin baƙar fata ne, to ta yaya mai kallo zai ga Othello bare ne a Venis? A Turai da Amurka ido ne ke yin wannan aiki. Lokacin da Ira Aldridge, baƙar fata ɗan Amurka, ya fito a matsayin Othello a gidan wasa na Covent Garden da ke Landan a 1833 tare da Ellen Tree, akwai jaridun da suka yi tir da baƙin mutum ya taɓa baturiya. A 1987 John Kani ya yi wasan a Johannesburg da Joanna Weinberg, shekara biyu kacal bayan soke dokar da ta haramta tarayya tsakanin fari da baƙi a Afirka ta Kudu. Mu ba mu da wannan girgiza ta ido. Wasu suka ce a mayar da labarin gida, a sa Othello ɗan wata ƙabila, Desdemona 'yar wata. Na ƙi, kuma ina ba ku shawara ku ƙi: a ɗakin da ya tara yara daga ƙabilu da addinai daban-daban, zagin Iago zai sauka a kan wasu daga cikinsu kai tsaye. Mun bar Venis a Venis. Mutanenta duka muka yi musu tufafi iri ɗaya, baƙi da ruwan toka, matsattse, Othello kaɗai ke da doguwar riga mai faɗi da launi. A majalisa kowa yana da kujera ban da shi. Sauran aikin kunne ne: a bar kalaman da ke ambaton baƙinsa su fito sarai, har da yabon shugaban Venis da ke cewa nagartarsa ta sa ya fi kama da fari, wanda shi ma raini ne a cikin rigar yabo. Desdemona kuma ta shiga majalisa da tufafin Venis, ta isa Saifurus da mayafi mai launin rigar mijinta.

Gwaji ya ɗauki kusan zangon karatu guda, kuma kashi na 1 fitowa ta 3 muka fi daɗewa a kai, don duk abin da za a yarda da shi game da ita a nan ake kafa shi. Kuskuren da 'yan wasa mata ke yi shi ne shigowa kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, saboda haka aka saba ganin amarya. Rubutun bai ce haka ba. Othello ya riga ya shaida cewa ita ta fara buɗe ƙofa, da ta ce masa in yana da abokin da ke son ta, ya koya masa ba da wannan labari. Mahaifinta ya shaida ta ƙi samarin masu kuɗi na garinsu. Da aka tambaye ta wa za ta yi wa biyayya, ba ta raina uban ba: ta lissafa haƙƙinsa na haihuwa da tarbiyya, sannan ta ce abin da mahaifiyarta ta yi, na fifita miji a kan uba, shi take yi. Hujja ce ta mai hankali, a faɗe ta a natse. Mun sa ta durƙusa wa uban a farkon jawabin, ta miƙe a tsakiya, ta taka da ƙafarta zuwa gefen Othello. Kada a bari shi ya jawo ta. Daga baya, da ake shawarar inda za a ajiye ta in ya tafi yaƙi, ita ta nemi a bar ta ta bi shi, ta ce ta so shi ne don ta zauna da shi, kuma a zuciyarsa ta ga fuskarsa. Wannan layi na ƙarshe yana da kaifi biyu, don yana iya nufin sai da ta kau da kai daga fatarsa. Mun gwada shi tana kallon majalisa, ya fito kamar ba da haƙuri; tana kallon Othello, ya fito ƙauna. Na biyun muka ɗauka.

A kashi na 3 roƙon da take yi wa Cassio, mataimakin Othello da aka tuɓe, don a mayar da shi muƙaminsa, yakan fito kamar naci marar dalili in an yi shi da shagwaɓa. A tuna Cassio ne ɗan aiken soyayyarsu, kuma ta yi alkawari a gaban Emilia. Jerin lokutan da take kawowa, yau da dare, gobe da rana, Talata da safe, kada ya wuce kwana uku, magana ce ta matar da ta tabbata tana da faɗa a wurin mijinta. Wannan tabbaci ne Iago ke juyawa ya zama shaida a kanta cewa tana cin amanar mijinta da Cassio, kamar yadda yake juya zaɓinta na farko: wadda ta ƙi ɗan ƙasarta da launinta, ta kuma ɓoye wa ubanta, me zai hana ta sake? Hankicin da Othello ya ba ta kuwa, wanda Iago ya mayar shaidar cin amana, a yi guda uku iri ɗaya, fari da ɗinkin jajayen 'ya'yan itace manya yadda na baya zai gani, domin yana ratsa hannun Emilia, Iago, Cassio da masoyiyarsa Bianca, kuma ɗaya yakan ɓace a bayan fage. Faɗuwarsa tana buƙatar gwaji na musamman. Tana ƙoƙarin ɗaure masa kai ne saboda ciwon da ya ce yana ji, shi ya ture ya ce ya yi ƙanƙanta. In mai kallo bai ga hannunsa ne ya ture ba, zai tafi da cewa sakacinta ne. A fitowa ta gaba ta ce masa bai ɓace ba, alhali ta san ba ta gan shi ba. Kada a cire wannan don a tsarkake ta. Mace ce da ta tsorata a karon farko.

Marin kashi na 4 da takardar da ta zo daga Venis muka yi shi, a naɗe, tana wucewa tazarar tafin hannu daga fuskarta, wani a bayan labule yana tafa hannu daidai lokacin. Abin da ya fi marin muhimmanci shi ne amsarta, cewa ba ta cancanci wannan ba. A ba ta shiru kafin ta faɗa, kuma ta faɗa kafin kuka. A fitowar waƙa ne mata biyu suka fi daɗewa a zaune ba namiji, don haka ba kiɗa, ba makirufo na daban, Emilia na warware mata gashi ko ɗankwali tana rerawa ƙasa-ƙasa. Gadon ƙarshe kafinta ya yi shi da ɗan gangare, kai ya fi ƙafa tudu da kamar taƙi ɗaya don a ga fuskarta, da sanduna huɗu na labule tunda rubutun ya ambaci jan labule. Matashin ya zama siriri, ta juya fuska zuwa bango, shi kuma nauyinsa ya sauka a kan katifa ta gefe biyu, ba a kanta ba, kuma a yi alama da za ta buga in numfashi ya yi mata wuya. Kafin nan tana faɗa da bakinta: ta musanta, ta ce a kira Cassio, ta roƙi a kore ta, a bar ta zuwa gobe, rabin awa, addu'a ɗaya. Bayan an ɗauka ta mutu sai ta yi magana sau uku: an kashe ta bisa ƙarya, ta mutu ba laifi, sannan da Emilia ta tambayi wanda ya yi, ta ce ba kowa, ita ce da kanta. Masu yanka sukan bar ta ukun kaɗai don ta fi taɓa zuciya. In aka yi haka an mayar da ita mai karɓar laifi. Da ukun a jere, mai kallo zai ji mace da ta wanke kanta tukuna, sannan ta yi amfani da numfashin da ya rage ta kare wanda ta zaɓa.

Da yake da Ingilishi aka yi wasan, mun sa mai gabatarwa yana taƙaita kowane kashi da Hausa. A rubuta masa abin da zai faɗa, a hana shi ƙari, domin in aka sake masa baki zai rufe da cewa ga ƙarshen mai bijire wa iyaye. Wannan fassara tsohuwa ce. A labarin Italiya na Cinthio na 1565, inda Shakespeare ya samo wasan, ita kanta matar ce ke fargabar zama izina ga 'yan mata kada su auri wanda iyaye ba sa so, kuma Shakespeare bai ɗauko wannan magana ba. John Quincy Adams, tsohon shugaban Amurka, ya rubuta a shekarun 1830 cewa abin da ya same ta sakamakon auren baƙar fata ne. Ranar wasa, a zaman tambayoyi na minti 20 da muka ware, wannan ce tambayar farko daga wani malamin sakandare, kuma da rubutun aka amsa masa: majalisa ta saurari ƙarar uban ta kuma tabbatar da auren, wanda ya ƙulla ƙaryar Iago ne, wanda ya gaskata ta ba tare da ya tambayi Cassio ba Othello ne, kuma Emilia, wadda aurenta ba wanda ya yi jayayya da shi, ita ma mijinta ne ya kashe ta a ɗaki guda. An kuma faɗa masa abin da ke gefensa, cewa Gratiano, ɗan'uwan Brabantio, ya ba da labarin baƙin cikin auren ne ya kashe Brabantio, don wasan bai ɓoye wannan ba.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ku kai wa kwamiti rubutun da kuka riga kuka yanke da kanku, tare da bayanin yadda za a yi kowane wuri mai taɓa jiki, don mai jan biro yakan yi sassauci in ya ga an riga an yi tunani. Ku sami 'yar wasa ta biyu da ta haddace matsayin Desdemona tun daga farko, ita ma da yardar gida. Ku sanya hutun La'asar bayan Othello da Iago sun durƙusa sun yi rantsuwa a ƙarshen kashi na 3 fitowa ta 3, ba kafin nan ba. Bayan wasa akwai sauran takardu: mai kula da ɗaki ya duba kujeru ya sa hannu, a kai wa sashe rahoto da rasitai, a kuma ajiye kwafin mai ba da umarni a ofishin sashe, wanda aka nuna yankan kwamiti da ja, na lokaci da shuɗi, don masu zuwa su san wanne za su iya mayarwa in sun sami ɗaki na awa uku.